INA AKA BAR UBAN YARO?

Jama'a 'yan kasuwar Ƙofar Wambai, da sauran talakawa 'yan'uwanmu, yau maganarmu ta cikin gida ce.

Kusan duk shirin da aka fito da shi don taimakon iyali, mata ake kira. Awon ciki mata, allurar riga-kafi mata, jawabi a kan abincin yara mata. Malamar asibiti ta yi wa mace bayani har bakinta ya bushe, ta ce ta komo ran Talata. To, wa zai ba ta izinin fita? Wa zai ba ta kuɗin mota da na magani? Ai mutumin nan ne da ke zaune a rumfa yana kwance dilar gwanjo, wanda ba a gaya masa kome ba.

Kano kuwa ta riga ta ɗanɗana abin da ke faruwa in an tsallake maigida. Cikin 2003 aka tsai da allurar shan-inna a nan, ba a komo da ita ba sai cikin 2004, kuma ko bayan haka magidanta da yawa sun hana masu allura wuce zaure. Sai da aka bi ta hannun sarakuna da masu unguwa da limamai, aka yi magana da maza ido da ido, sa'an nan ƙofofi suka buɗe.

Cikin 2021 gwamnatin tarayya ta yarda a ba ma'aikacinta hutun kwana 14 in matarsa ta haihu. Madalla. Amma wa zai ba mai sayar da zare hutu? Ran da ya rufe rumfa, ran nan ba cefane. Shirin da aka yanka daidai wuyan mai albashi ba ya shiga wuyan ɗan kasuwa.

Mu duba maƙwabtanmu na Damagaram a ƙasar Nijar. Cikin 2007 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a ta sa aka bincika abin da ke hana mata zuwa asibiti, aka tarar ikon miji yana cikin manyan dalilai. Watau sun fara da tambaya kafin su kashe kuɗi. Daga nan aka kafa abin da suke kira makarantar mazaje, guda 11 tun farko. Ba allo, ba malami, ba bulala. Magidanta ne 'yan kaɗan, waɗanda matansu ke zuwa asibiti, su kan zauna sau biyu a wata, su duba matsalar garinsu tare da ma'aikatan asibiti, sa'an nan su je su yi wa 'yan'uwansu maza magana. Namiji ya fi jin ta bakin wanda suke cin tuwo a kwano ɗaya.

Me zai hana a yi haka a Ƙofar Wambai? Kowane layi da shugabansa, kowa ya san wanda ake jin maganarsa. A zo mana bayan Azahar, a yi shawara da mu a kan lokaci da wuri, kada a kira mu otel da hantsi sa'ad da ciniki ke ci.

Sai maganar auna aiki, nan ne muka fi tsayawa. Ba mu son a karanta mana yawan taron da aka yi, da yawan hulunan da aka raba. Littafin asibiti yana nan. Kafin a fara a rubuta: mata nawa ke zuwa awo, nawa ke haihuwa a hannun ungozomar asibiti, yara nawa suka kai allurar ƙyanda ta wata 9. Bayan shekara a sake ƙirgawa, a kuma gwada da unguwar da ba a yi shirin ba. A tambayi matan su kansu, ba a gaban mazansu ba, ko sun ga canji. Haka ma auren gata da aka fara a Kano cikin 2012: yawan auren da aka ɗaura kowa ya ji, amma lissafin da muke so shi ne gida nawa ke zaune, uba nawa ke ciyar da 'ya'yansa.

Mu ma fa da namu laifin. Akwai a cikinmu wanda ya san kuɗin kowane bandir a kai, amma bai san ajin da ɗansa ya ke ba. Wannan ba hukuma ce ta jawo masa ba.

Saboda haka muna roƙon shugabannin kasuwa su nemi zama da ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma, kuma in shekara ta zagayo a karanta mana lissafin da Hausa, a cikin kasuwa, inda mai tambaya zai iya ɗaga hannu.