Daga Darki zuwa jami'ar Wudil: Wa zai riƙe hannun ɗan aji ɗaya?

Daga Darki zuwa Wudil tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Amma ga matashin Darki da ya samu gurbi a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, wadda muka fi sani da KUST kafin a sauya mata suna a 2022, ainihin tafiyar ba a kan kwalta take ba. A intanet take.

Ku duba mana. Tun 2015 JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya. A 2017 ta kawo CAPS, inda sai ɗalibi ya shiga ya amince da gurbin da aka ba shi. Rajista da biyan kuɗin makaranta a shafin jami'a ake yi. Hatta bashin karatu na NELFUND, da aka buɗe shafinsa a watan Mayun 2024, ta nan ake nema. Wato duk ƙofofin shiga sun koma intanet.

To, bayan an shiga fa? Nan gizo ke saƙar. A yawancin jami'o'inmu, abin da ake yi wa sabon ɗalibi shi ne taron wayar da kai na kwana ɗaya ko biyu, shi ke nan. Sauran kuwa sai guruf na WhatsApp: wannan ya ce an ɗage gwaji, wancan ya ce ƙarya ne, wani kuma ya turo lambar asusu wai zai "gyara maka rajista".

Abin ba wasa ba ne. Makin aji ɗaya yana bin ɗalibi har ranar da zai karɓi digiri. Sabon tsarin karatu na CCMAS, da hukumar NUC ta ƙaddamar a ƙarshen 2022, ya wajabta wa kowane ɗan aji ɗaya kwasa-kwasai irin su GST 111 na Turanci da GST 112 na al'adun Najeriya. Ɗaruruwa ake tarawa a zaure ɗaya. Wanda kunya ta hana shi tambaya da Turanci, haka zai fita bai gane ba.

Ba wai babu yunƙuri ba. A 2023 TETFund ta fito da dandalin TERAS domin manyan makarantu. Sai dai tambayar ita ce: wace waya aka yi tunani lokacin ginawa? A watan Janairun 2025 NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Manhajar da ke cin data kamar gara, ɗan manomi ba zai buɗe ta sau biyu ba, balle ga matsalar caji.

Abin da ɗan aji ɗaya yake buƙata ba shi da yawa: shafi mara nauyi mai jadawalin lacca da taswirar makaranta, saƙon tes idan wa'adin rajista ya kusa cika, darussan da za a sauke sau ɗaya a karanta ba data, gajerun bayanai na murya da Hausa kan yadda ake lissafin maki, da wurin da zai yi tambaya malami mai ba da shawara ko ɗan aji uku ya amsa masa.

Nan ne nake so mu tsaya, musamman ku 'yan sashen kwamfuta. Jami'ar fasaha ce fa. Duk shekara ana rubuta furojet, a ɗaure, a ajiye ƙura ta rufe. Me zai hana wasu su gina wannan, hukumar makaranta ta tantance bayanan ta sa hannu, ƙungiyoyin ɗalibai su yaɗa? Kafin ku fara, ku zauna da sababbin ɗalibai daga Darki, Gaya da Garko, ku ji inda takalmi yake matsa musu.

Kai da ka wuce aji ɗaya, me ka so a ce an faɗa maka a makon farko? Rubuta shi, ka tura wa ƙanenka. Daga nan aikin zai fara.