Saran maciji: a kai asibiti tun kafin gobe ta yi nisa

Jama'a, kaka ta ƙarato. Daga ƙauyukan Dindir har Mai Wurno an fara wasa lauje don yankan riɗi, dawa na biye. Lokacin ne maciji ya fi sarar mutanenmu, a gindin dami ko a hanyar gona da magariba.

Abin da muke yi bayan sara shi ke kashe mu. A ɗaure ƙafa tamau, a tsaga da reza, a ɗora baƙin dutse, sannan a ce bari mu ga abin da gari zai waya. Ɗaurin nan ba ya tare dafi, ƙafar yake ruɓarwa.

Ba a banza kakanninmu suka kira kububuwa "gobe da nisa" ba. Wanda ta sara zai iya zama yana hira, alhali dafinta ya hana jininsa daskarewa. Sai dasashi ya fara jini, fitsari ya yi ja. Reza a jikin irin wannan mutum ƙofa ce aka buɗe wa jini.

Gane wannan ba ya buƙatar na'ura. Ma'aikacin lafiya zai ɗebi jini kaɗan, ya zuba a sabuwar kwalbar gilashi busasshiya, ya bar shi minti 20, sai ya karkata ta. In bai daskare ba, allurar kashe dafi ake bukata nan take, da allurar adirinalin a kusa ko da jiki zai ƙi maganin. Bayan awa 6 a sake gwajin. In kuwa fatar ido na saukowa, haɗiyar yawu na gagara, dafin ya kama jijiya, numfashi ne a kan layi.

Na san uzurin: laka ta rufe hanya, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa asibitoci, maganin ga tsada. Gaskiya ne. Amma tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa sakaci, don haka neman maganin ba roƙo ba ne, haƙƙi ne. Masu unguwanni da limamai su tafi tare su tambayi hukumomin lafiya na jihar Sinnar: a wane asibiti allurar take?

A gida kuwa, cire zobe da munduwa, kwantar da mutum, ɗaura wa ƙafar kara don kada ta motsa, a ɗora shi a amalanke. A yi addu'a, amma a kan hanya. Allah Ya tsare mu.