Wanda ya raina ƙirgan yatsa, hannunsa ya raina

Wani abokin aiki ya yi dariya ranar da na ba shi labarin Aimele, wata ƙaramar al'umma ta ƙasar Papuwa Niyu Gini da ke ƙirga da gaɓoɓin jiki. Ya ce wannan ai ƙauyanci ne. To, dariyar ce ta sa na ɗauki alƙalami.

A ƙasar tasu, Oksapmin na farawa daga babban yatsa, su hau hannu, su bi kafaɗa da kunne da ido. Hanci shi ne 14, sannan su gangara ɗaya gefen har ƙaramin yatsa, 27 ke nan. Masanin Amurka Geoffrey Saxe ya zauna cikinsu a 1978, ya ga yadda suke lissafin kuɗi da wannan tsari. Ina ƙauyancin yake?

Mu ma da jiki muka fara. Mai haƙar rijiya a Gafati da gaba yake faɗin zurfinta. Masaƙi da kamu da taƙi yake awo. Bayan salla, a gaɓoɓin yatsu muke cika tasbihi 33. Kafin ashirin da talatin su zo mana daga Larabci, gomiya biyu da gomiya uku kakanninmu ke cewa.

Dubi yarinya mai talla a kasuwar Dole ta Damagaram. Ka ba ta jika, ka sayi ƙosan dala talatin da biyar, ta maido maka ɗari da sittin da biyar ba gargada. Wannan yarinyar ce za ta shiga aji, a tambaye ta 1000 a ɗebe 175 da Faransanci, ta yi tsuru, a rubuta mata sifiri, in ta motsa yatsa a tsawata mata. Harshen da take lissafi da shi aka hana ta, sannan aka kira ta daƙiƙiya.

A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973. A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa. Amma doka ba ta shiga aji da ƙafarta, sai malami ya kai ta.

Ya ku ƴan'uwana malamai, ni ma Faransanci nake koyarwa, ban ce a jefar da mita ba. Cewa na yi a fara da gaba da kamu da dala, daga nan a ɗora mita da tamma. Ku kuma ƙungiyoyin al'adu, ku je wurin tsofaffin masaƙa da mahaƙa, ku rubuta awonsu tun suna raye.