'Yan Kurket Na Nijeriya Suna Bukatar Gasar Gida Da Albashi

A ranar 24 ga watan Nuwamba 2024 ƙungiyar kurket ta Nijeriya ta yi abin da ya sa sunan ƙasan nan ya shiga jaridun duniya. A filin kurket da ke babban filin wasanni na Moshood Abiola a Abuja, 'yan Nijeriya suka ci maki 271, kana suka fitar da 'yan Kwaddibuwa kaf da maki 7 kacal. Isaac Danladi da Prosper Useni kowannensu ya kayar da mutum uku, Peter Aho ya kayar da biyu. Aka yi murna, kuma murnar ta dace. Amma da aka je zagayen ƙarshe na Afirka a Harare cikin 2025, Namibiya da Zimbabuwe su suka kwashe guraben nan biyu na zuwa gasar duniya, Nijeriya ta komo gida.

To, tun da ba kowane mai karatu ne ya san wasan ba, ya kamata a ɗan yi bayani. Ana kafa sanduna uku a ƙasa, mutum ɗaya ya tsaya da gora yana kare su, wani kuma daga nisan yadi 22 ya jefo ƙwallo mai tauri don ya kayar da su. Majefa iri biyu ne. Akwai mai murza ƙwallo da yatsu a hankali, akwai kuma mai sheƙowa a guje ya wurgo ta da ƙarfi, hannu a miƙe, har gudunta ya kai kilomita 140 a awa. Wannan na biyu shi ne ake magana a kansa, kuma ba ƙasar da ta yi suna wajen fitar da irinsa kamar Pakistan.

Mutane sun fi jin labarin Wasim Akram da Waqar Younis da Shoaib Akhtar, wanda ya yi jifar da ta kai kilomita 161.3 a awa cikin 2003. Amma wanda ya fi dacewa hukumar kurket ta Nijeriya ta duba tarihinsa shi ne Mohammad Abbas. Ɗan ƙauye ne daga wajen Sialkot. Ya yi aikin walda, ya yi aiki a masana'antar fata, ya yi masinja a ofishin lauya. Jifarsa ba ta da wani gudu na a zo a gani, sai dai inda ya nufa nan take sauka. Abin da ya ɗaga shi gasar gida ce, watau Kofin Quaid-e-Azam, wanda ake yi tun 1953, kowane wasa kwana huɗu. Yana yi wa ƙungiyar ma'aikatar bincike ta Khan Research Laboratories wasa ya kayar da mutum 61 a kakar 2015 zuwa 2016, ya sake kayar da 71 a kakar da ta biyo. Shekara biyu a jere ba wanda ya kamo shi, don haka masu zaɓe ba su da ta cewa. Aka sa shi cikin ƙungiyar ƙasa a 2017, kuma a 2018 ya kayar da 'yan Ostireliya 17 cikin wasa biyu.

Akwai kuma Tabish Khan na Karachi, wanda ya kayar da mutum 598 a gasar gida kafin a tuna da shi. Sai a 2021, yana da shekara 36, ya yi wa ƙasarsa wasan farko. Lalle an yi masa rashin adalci. Amma abin lura shi ne, me ya riƙe mutum kusan shekara 20 yana jifa bai bari ba? Amsar ita ce akwai gasa kowace shekara, akwai kuma abin kai wa bakin salati. Tun cikin shekarun 1970 bankuna da kamfanonin gwamnati na Pakistan, irin su Habib Bank da National Bank da kamfanin jiragen sama na PIA da hukumar ruwa da lantarki ta WAPDA, suka riƙa ɗaukar 'yan wasa aiki, su biya su albashi wata-wata, su yi wasa da sunan ma'aikatar.

Masu suka za su ce ai Pakistan ɗin ma ta taɓa rushe wannan tsari. Gaskiya ne. A 2019, Imran Khan, wanda shi kansa tsohon majefi ne, yana Firayim Minista, ya sa aka kawar da ƙungiyoyin ma'aikatu aka koma ƙungiyoyin yanki guda shida, bisa hujjar cewa jama'a ba sa zuwa kallon banki yana karawa da kamfanin iskar gas. Hujjar tana da ƙarfi. Sai dai 'yan wasa da yawa sun rasa hanyar abinci, aka yi ta koke-koke, har aka maido da ƙungiyoyin ma'aikatu cikin 2023. Ƙasar da take da dubban 'yan wasa ke nan ta kasa jurewa, balle ƙasar da take da 'yan ɗaruruwa.

Yanzu a dubi Peter Aho. Cikin watan Oktoba 2021 a Ikko ya kayar da 'yan Saliyo shida, maki 5 kawai aka ci a kansa, abin da ba a taɓa yi ba a gajeren wasan maza tsakanin ƙasashe har zuwa lokacin, sai a 2023 wani ɗan Maleshiya ya zarce shi. Yana ɗan shekara 18 ke nan. Amma a gajeren wasa doka ba ta bar majefi ya wuce zagaye huɗu ba, watau jifa 24. Abbas kuwa a wuni guda yana iya yin jifa 120, gobe ya tashi da tsamin jiki ya ci gaba. A nan ne majefi yake koyon yadda ake goge gefe ɗaya na ƙwallo don ta karkace a iska, da yadda ake ɗana wa mai gora tarko a yi haƙuri har ya faɗa, da yadda ake tattalin baya da gwiwa. Mai gora ma a nan yake koyon tsayuwa. Samarin Nijeriya da suka je gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 19 a Afirka ta Kudu cikin 2020 ba su kai maki 70 ba a ko ɗaya daga cikin wasanninsu da Ostireliya da West Indies da Ingila. Ba ƙwazo suka rasa ba, sabo da doguwar tsayuwa ne babu.

Abin da Pakistan take yi ba baƙo ba ne a ƙasan nan. Dattawa sun tuna da Raccah Rovers ta Kano, da DIC Bees da UNTL na Kaduna, da BCC Lions ta Gboko, da Bendel Insurance, duk ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa da kamfanoni suka rena. Hukumar kwastan ma ta daɗe tana da ƙungiyar ƙwallon kwando. Abuja kuwa nan ne hedkwatar Babban Bankin Nijeriya da kamfanin man fetur na ƙasa da kwastan da 'yan sanda da sojoji. In shida daga cikinsu kowace ta ɗauki yara 15, an sami 'yan wasa 90 masu albashi. Ba sai an fara da kwana huɗu ba, a fara da wasan kwana biyu, Asabar da Lahadi. Fili yana nan an riga an kashe kuɗi an gyara, kuma daga Nuwamba zuwa Maris ruwan sama ba ya hana wasa a Abuja. Wannan aiki ne na shugaban hukumar kurket, Uyi Akpata, wanda ya san ƙofofin kamfanoni tun yana aikin akanta, shi da hukumar wasanni ta ƙasa.

Jihohin Arewa kuwa su ne suka fi kowa sakaci. A Kwalejin Katsina an yi kurket tun zamanin Turawa, Sardauna Ahmadu Bello ma ya yi shi tare da wasan fayif. Farfesa Yahaya Ukwenya, likitan fiɗa na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shi ke shugabancin hukumar sa'ad da samarin nan suka sami gurbin gasar duniya a 2019. Duk da haka a yawancin makarantun sakandare na gwamnati, yaro zai gama bai taɓa ganin gorar kurket ba.

Kuma kada wani kwamishina ya fake da tsadar kaya. Yaran Karachi da Lahore ƙwallon tanis suke samu, su naɗe ta da tef ɗin da masu gyaran lantarki ke amfani da shi, su yi ta jifa a lungu. Da irin wannan ƙwallo Haris Rauf ya tashi, har ƙungiyar Lahore Qalandars ta tsinto shi a wajen gwaji a Gujranwala cikin 2017. Ƙwallon tanis da tef kuwa ba kasuwar da ba a sayar da su, daga Wuse zuwa Gwagwalada.