Inda Harsashi Ya Zama Kuɗi

Jama'a, wasu dattawanmu sun ce a ƙwace wa yara wasan kwamfutan nan, Metro 2033, wanda ya fito a 2010. Ni dai sai da na zauna na gani da idona.

Labarinsa, yaƙin nukiliya ya cinye duniya, sauran mutanen Mosko suka ɓuya cikin ramukan jirgin ƙasa. Can harsashi mai kyau shi ne kuɗi. In ka harba shi, jarinka ka ƙona; 'yan kasuwa kun san zafin wannan. In saurayin labarin, Artyom, ya ba mabaraci guda, ana lissafa masa, har ƙarshen labarin yana iya sākewa.

Kisa kam ya yi yawa, kada ƙanana su taɓa. Samari a bar musu, amma da an kira Magariba a kashe.