Aikin sha-raɓa: kada garin neman gira mu rasa ido

Jama'a, a ƙasashe irin su Amurka, Brazil da Turkiyya akwai wani aikin tiyata da ake yi wa mai siririyar ƙafa. Likita zai tsaga bayan gwiwa, ya cusa roba mai taushi da ake kira silikon kusa da tsokar sha-raɓa, sai ƙafa ta cika. Wasu don ado suke yi, kamar masu ɗaga ƙarfe. Wasu kuwa lalura ce, wato waɗanda shan inna ko haɗari ya tsotse musu ƙafa ɗaya.

Mu ba mu ga laifin mai lalura ba. Wanda ya tashi ana yi masa ba'a tun yana yaro shi ya san zafin abin. Amma ya kamata a gaya wa mutane gaskiya: robar nan siffa kawai take gyarawa, ba ta mayar da ƙarfin tsokar da ta mutu. Mai ɗingishi zai ci gaba da ɗingishinsa. Kuma wurin yana iya ruɓewa, robar tana iya gocewa, ƙafa tana iya kumbura har jini ya kasa gudana. Ɗan kasuwar da ke yini tsaye a Jibiya, Ɗan Isa ko Birnin Ƙonni, ƙafarsa ita ce jarinsa.

Abin da ya fi damunmu shi ne tushen lalurar. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, cutar ta bi hanyoyin fatauci har ta kai Sudan, Yaman da Indunisiya. Yaran da ta shanye wa ƙafa a lokacin yau magidanta ne. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, amma wani nau'inta yana ɓullowa a inda ba a yi wa yara rigakafi sosai ba.

Saboda haka, ƴan uwa ƴan kasuwa, in masu ɗigon rigakafi sun tare mu a bakin iyaka ko a tasha, mu miƙa musu yaranmu. Wanda aka haifa masa jariri da lanƙwasasshiyar ƙafa ya gaggauta kai shi likita tun ƙashi bai yi ƙwari ba. A Yamai akwai asibitin yara na CURE, da aka buɗe a 2010 domin irin wannan gyara. Masu sayar da allurai da mayukan cika jiki a rumfuna kuwa, su ji tsoron Allah, babu man da ke tsirar da tsoka.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.