Kwanon gida ya fi naira ɗari a aljihun yaro

A Sabon Birni da Isa, inda 'yan bindiga suka raba manoma da dama da gonakinsu, wasu na ganin shirya wa yaro abincin makaranta gata ne na 'ya'yan masu hali. Ban yarda ba. Yaron da ya shiga aji da yunwa cikinsa yake saurare, ba malam ba.

Sau da yawa naira ɗari ake miƙa masa, ya sayi biskit ko alawa, kafin ƙarfe goma yunwa ta dawo. Gara a zuba masa dafaffen wake da ɗan mai, ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ko dankali da gyaɗa. Wake da gyaɗa na gina jiki. A riƙa sauyawa don kada ya gundura.

Zafin Gobir kan lalata abinci da wuri. A dafa da asuba, a zuba a kwano mai murfi, a haɗa masa da ruwa mai tsabta.

Shirin ciyar da ɗalibai da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 ba zai ɗauke mana wannan nauyi ba. Gwamnati ta tsare hanyar gona, mu iyaye mu cika kwano.